Dan Allah masana ƙarfe, wane irin falle ake yin taget ɗin harbi da shi?

Mai_Walda_Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, wani aiki ne ya faɗo min wanda ban taɓa yin irinsa ba. Ni mai walda ne, shagona na nan Agege, shekara goma sha ɗaya kenan ina ƙofofi da tagogi da get da kejin janareto, toh shekaranjiya wani Alhaji da na yi wa get bara ya turo min bidiyo ta WhatsApp, turawa ne suna harbin wasu fararen ƙarafa da aka rataye, wani in an same shi ya yi lilo yace tannn, wani ya juya kamar farfela, wani kuma ya kife sai a ja igiya daga nesa ya miƙe. Yace shi yana cikin wata ƙungiyar masu harbin nishaɗi, ranar Asabar suke fita can bayan gari, bindigoginsu ƙanana ne, irin .22 ɗin nan (lambar faɗin harsashinta ce) da bindigar iska, wai takarda suke harbi kuma sun gaji da takawa su je su leƙa inda ya huda, gara wanda za su ji ƙara daga inda suke tsaye. Yace ya duba odarsa daga waje kuɗin dako ya fi kuɗin kayan saboda nauyi, ga dala yadda take.

Yana son masu zagaye guda shida, daga inci 8 zuwa inci 2, da masu juyawa guda biyu. Ni abin da na yi niyya shine ina da ragowar falle mai kauri mil 6 da mil 10 (milimita nake nufi) da suka rage min daga aikin tanki, in yanka da gas, in goge baki da giranda, in liƙa sarƙa ta baya da walda, shikenan aikin yini ɗaya. Sai yarona na shago yace Oga harsashin fa ba zai dawo ba? Na yi masa dariya amma da dare abin ya hana ni barci wlh, kar in je in haɗa abin da zai cire wa mutum ido ace aikin hannuna ne. Wanda ya san harkar ya taimaka, kowane falle ne yake yi? Kauri nawa? Kuma ba wata matsala da hukuma?

Dan_Owode:

Wa alaikumus salam maigida. Wannan yaron naka ka ƙara masa kuɗin abinci, ya fi ka gaskiya. Ni harkar ƙarfe nake a Owode Onirin, ba maharbi bane amma nasan ƙarfe. Fallen da kuke get da tanki da shi mai laushi ne, a ma'aunin tauri da ake kira Brinell bai wuce 120 zuwa 160 ba. Wanda kamfanonin waje suke yin taget da shi sunansa AR500, wato taurinsa wajen 500, kaga ya ninka naka sau uku ko fiye. Kuma asali ba don harbi aka yi shi ba, ƙarfen aikin wahala ne, shi ake shimfiɗawa a bodin tipa mai ɗaukar dutse da bokitin katafila da injin fasa dutse a kwari. A kasuwa in kace AR500 wasu za su tsaya kallonka, kace Hardox, na kamfanin SSAB ne na ƙasar Suwidin, akwai 400 akwai 450 akwai 500, lambar nan ita ce taurin.

Amfanin taurin shine dalma in ta daki ƙarfe mai tauri kuma sumul sai ta tarwatse ta zama gari da 'yan ɓarɓashi ta bi gefe, amma mai laushi kowane harbi sai ya bar ɗan lotsi, yau kaɗan gobe kaɗan har fuskar ta koma kamar ta wanda ya yi agana, toh ramin nan shine masifar, harsashi na gaba in ya faɗa ciki ramin ya zama kamar cokali ya kwaso shi ya juyo da shi inda Allah ya so.

Sai dai in gaya maka, ka yi hankali da 'yan kasuwarmu, ni da kaina nake faɗa, wani zai ɗauko maka fallen jirgin ruwa da aka yanka yace Hardox ne don yaga baka sani ba. Ka tafi da ponci da guduma da magagari a aljihu. Mai laushi ka buga ponci zai zauna ya bar rami, mai taurin kuwa bakin poncin ne zai daku, magagari ma zamewa yake da ƙyar yake cinsa. Sabon falle kuma yana zuwa da rubutun kamfani a jikinsa. Tunda ƙanana kake so ba sai ka sayi cikakken falle ba, ka nemi gutsattsarin da ya rage wajen masu gyaran bokitin katafila, amma wanda bai taɓa aiki ba, wanda dutse ya riga ya cinye fuskarsa ba shi da amfani.

Yaro_Ladipo:

Oga duk wannan dogon turanci ne, ka zo Ladipo in haɗa ka da sifirin ɗin babbar mota ko faifan birki, tauri kamar me, kuma araha. Harsashi ɗan mitsitsi ina zai iya da sifirin ɗin tirela

Baba_Saje_Mai_Ritaya:

Kai ɗana na Ladipo, Allah ya shirye ka, kar ka sa a yi ɗanyen aiki. Sifirin a lanƙwashe yake, kuma aikinsa kenan ya mayar da abin da ya danne shi. Faifan birki kuma zubi ne, tsagewa yake, ga ramuka ga gefe-gefe. Haka tukunyar gas da bututu da rodi da kan gatari, duk abin da fuskarsa ba a miƙe take ba a kyale shi.

Malam mai walda, ni na yi shekaru ina tsaron layin harbi lokacin ina aiki, bari in baka abin da idona ya gani. Akwai ranar da wani yaro cikin namu ya jingina wani tsohon falle da dutse, a tsaye cak, ya ja baya bai fi taku bakwai ba, harbi na uku muka ji wani zuuu kamar zanzaro ya wuce, sai ga wanda ke tsaye a gefensa ya dafe kunci jini na bin yatsunsa. Da aka ciro abin a asibiti bai kai ƙwayar gero biyu ba, lanƙwasasshe kamar farce, tsakaninsa da ido bai fi faɗin yatsa ba. Da muka je muka duba fallen duk ramuka ne, mutumin har ya yi ritaya da tabon nan.

Don haka ban da taurin da Dan Owode ya faɗa, yadda ka rataye shi ma rabin aikin ne. Kar ya tsaya ƙyam, ya ɗan sunkuyo gaba kamar mai gaisuwa, digiri 15 zuwa 20, in da tef za ka auna, faranti mai inci 8 samansa ya leƙo gaba da inci 2 zuwa 3 fiye da ƙasansa, ta haka ɓarɓashin ƙasa zai nufa. In aka yi yini ana harbi za ka ga ya tsaga layi a ƙasa ƙarƙashin farantin kamar an ja da wuƙa, in ka ga layin nan toh aikinka ya yi. Kuma ka bar shi ya yi lilo, lilon ne yake shanye ƙarfin dukan, in ka ɗaure shi tamau ka ɓata. Ƙasan wajen ya zama yashi ko ciyawa, ba siminti ko tsakuwa ba.

Nisa kuma ka gaya wa Alhajin, kar a matso ƙasa da mita 10 ko da wace irin ƙaramar bindiga ce, doguwar .22 kuwa su ja baya zuwa mita 25, ai ma ya fi daɗi. Kowa da tabarau na kariya, har ɗan kallo, har mai riƙe musu lemo. Kuma ƙwayar nan ta ƙarfe mai zagaye da ake kira BB haramun ce a kan ƙarfe, ita ba ta fashewa, dawowa take kamar ƙwallo, dalma zalla ake so.

Abin da ya fi damuna ma ba farantin bane, bayansa. Mutane suna raina .22 don ƙwayar gram biyu da rabi ce da 'yan kai, amma tana fita da gudun sama da mita 300 a daƙiƙa guda, a jikin kwalinta ma an rubuta gargaɗi tana da haɗari har mil ɗaya da rabi, sama da kilomita biyu kenan. Ka tsaya a Agege ka auna kilomita biyu ta kowace kusurwa ka ƙirga rai nawa ne a ciki. Dole bayan taget a sami tudun ƙasa mai tsayi wanda zai kama duk wanda ya kuskure, kuma ba a harbi ta kan ruwa, harsashi na tsalle a kan ruwa kamar yadda yara ke jifa da fasasshen kasko a rafi, nan kuwa ko ina ka juya lagun ne da masu kwalekwale.

Abu_Hanan_Obalende:

Baba Allah ya ƙara girma, kun gama magana ta ɓangaren ƙarfe. Ni tambayarsa ta ƙarshe zan taɓa. Farantin ƙarfe dai ba makami bane, amma abin da za a harbe shi da shi doka ta san da zamansa. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku, akwai waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, akwai na amfanin kai da Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu, sai irin su bindigar toka da kwamishinan 'yan sanda na jiha ke bayarwa. Abin da yawancin mutane ba su sani ba shine bindigar iska ma tana cikin kaso na biyun nan tare da bindigar farauta, ba kayan wasan yara bace a idon doka, ƙaramar ta hannu mai iska ma tana cikin jerin kayan da kwastan suka haramta shigowa da su kwata-kwata. Sannan a 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar ta dakatar da ba da sabon lasisin ƙananan makamai.

Shawarata ɗan'uwa, ka cewa Alhaji cikin ladabi ya nuna maka lasisinsa da shaidar ƙungiyar tasu, mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Ka rubuta rasit da sunansa da abin da ka haɗa masa. Kuma komai daɗin bakinsa kar ka yarda a kawo bindiga shagonka wai a gwada, kai walda aka sanka da ita.

Mai_Walda_Agege:

Kai jama'a nagode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Baba labarin nan ya sa jikina ya yi sanyi. Na kira Alhaji yace ba komai zai zo da takardun. Amma Dan Owode ga wata, in na samo Hardox ɗin ai da gas zan yanka in yi masa walda kamar kullum ko? Kuma ba gara in sa mil 10 ko 12 ba don ya daɗe?

Dan_Owode:

A'a maigida tsaya, nan ne ma masu walda kuke kashe shi. Taurin nan da wuta da ruwa aka ba shi a kamfani, wuta kuma ita ke karɓe abinta, su kansu masu yinsa sun ce in ya wuce digiri 250 na zafi a ma'aunin Celsius taurin ya fara tafiya, toh ina ga harshen gas da yake narkar da ƙarfe. In ka yanka ɗan faranti mai inci 2 da gas gaba ɗayansa zai yi ja, ka sayi Hardox da tsada ka mayar da shi fallen get. Ka kai wa masu injin yanka na leza ko plasma, akwai su wajen Ikeja da Oshodi masu yin get na zane, su yanka maka su fitar da ramin noti a lokaci guda, don dirilarka ta shago ba za ta huda shi ba sai dai bakin ya ƙone. In akwai mai yanka da ruwa ya fi duka don babu zafi sam.

Walda kuma in ka liƙa sarƙa a baya, daidai wajen ta gaba ya yi laushi, kuma nan ne zai tsage wata rana. Ka yi amfani da bol mai santsin kai irin mai kama da hula, kan ta gaba noti ta baya, kar ka sa mai kai kusurwa shida yana tsaye a fuskar. In ka ɗaura maratayin ta baya a saman faranti da kansa zai sunkuyo yadda Baba yace. Ni da zan baka shawara ma ka bar sarƙa, ka samo tsohon bel na injin kamfani ko tsohon tiyo na 'yan kwana-kwana ka yanka, sarƙa harbi na iya tsinka ta, bel kuwa sai dai ya huda ya wuce. Waldarka ka ajiye ta wajen ƙafafu da firam.

Injiniya_Apapa:

Slm. Maganar kauri bari in sa baki, na ɗan yi wasan nan da bindigar iska lokacin ina karatu a Ingila. Mil 12 ɓarnar kuɗi ce kuma za ta kashe daɗin abin, ai dalilin da yasa Alhaji yake so shine ya ga motsi ya ji ƙara, in faranti ya yi nauyi .22 za ta same shi yace ƙwas kawai ko gezau, kamar ka jefi bango da gyaɗa. Mil 6 shine daidai, shi ne yake amsawa tannn kamar ƙararrawar makaranta, mil 10 na manyan bindigogi ne. Kuma kar ka haɗa musu saiti ɗaya, a ma'aunin ƙarfin duka da ake kira jul, ƙarfin .22 ya kai jul 140 zuwa sama, bindigar iska kuwa a Ingila wadda ake riƙewa ba tare da lasisin manyan bindigogi ba iyakarta jul 16 ne, kaga kusan ninki goma. Na iska mil 3 ya ishe ta, nan kam ko fallenka na shago zai yi tunda ƙwayar rabin gram ce ba ta iya lotsa shi, sai dai ka rubuta a jiki da fenti kar wani ya ɗauka ya sa wa .22. Ka kuma tambaye shi ko akwai mai bindigar da ke ɗaukar harsashin .17 HMR ko .22 Magnum cikinsu, ƙanana ne a ido amma gudu ne ke cin ƙarfe ba girma ba, .17 ɗin na wuce mita 700 a daƙiƙa.

Wanda ka gani ana jan igiya ya tashi shine namu, Field Target ake ce masa, a Ingila aka fara shi wajen 1980. Siffar zomo ko tsuntsu ce da rami a ƙirji na wajen mil 40, bayan ramin akwai ɗan cokali, sai ƙwayar ta shiga ramin ta daki cokalin sannan dabbar take kifewa, in ka sami jiki kawai tana nan tsaye tana kallonka, wlh abin haushi, ga iska na kaɗawa ga sanyi yatsa ya ƙage. Akwai kuma na Meziko mai daɗin tarihi, su da can dabbobi masu rai suke ɗaurewa a yi gasa wanda ya samu a gasa a ci, daga baya a 1948 aka koma siffofin ƙarfe, har yau dabbobi huɗu ne, kaza da alade da talotalo da rago, masu .22 suna jera su a mita 40 da 60 da 77 da 100, a tsaye ake harbi ba jingina, kuma sai ta faɗi daga kan maɗorinta ake ƙirgawa. In Alhaji bai son aladen sai ka yanka masa bunsuru lol. Ko a gasar Olamfik ta lokacin sanyi masu gudu kan dusar ƙanƙara da bindiga a baya .22 suke harbawa a mita 50, ƙarafa biyar, na harbi a kwance faɗin mil 45, na harbi a tsaye mil 115, in an samu baƙin ya rufe ya koma fari.

Mai juyawar kuma sirrinsa na ƙasa ya ɗan fi na sama nauyi don ya dawo ya tsaya da kansa, sandar da yake juyawa a kai ka ɓoye ta bayan angil da ka kifa. Fenti fari na feshi mai araha, a fesa bayan kowane zagaye. Kuma kar su bar su a fili, iskar tekun nan tsatsa take sa wa komai, tsatsa in ta ci ta yi rami an koma maganar Dan Owode.

Maman_Ilham_IdiAraba:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar jinya ce, abu ɗaya naga ba wanda ya taɓa, wannan garin da kuke cewa harsashi ya zama, dalma ce fa. Ba mu manta Zamfara ba a 2010, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma da iyaye ke shigowa da ita gida daga aikin zinare. Ba nace adadin ɗaya bane, amma hanyar ɗaya ce, ƙura a hannu da tufafi, daga nan sai bakin yaro. Malam ranar da za a dawo maka da farantan nan gyara, toka-tokar da ke jikinsu kar ka sa giranda a kai kana shaƙa, ka goge da jiƙaƙƙen tsumma ka jefar, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci ko goro, yaran shago ma haka. Su Alhaji kuma kar su je da ƙananan yara suna tsintar dalmar da ta baje suna wasa, yara na son ta don tana ƙyalli kamar kwabo, kuma kar a yi shuka ko kiwon kaji a wajen.

Mai_Walda_Agege:

Hajiya nagode, wannan ko a mafarki ban kawo ba, kuma ƙaramin yarona kullum yana shago bayan makaranta. Toh ga inda aka kwana, Alhaji ya zo jiya da takardunsa na gani na ɗau hoto, yace .22 ta gama-gari ce da na iska biyu, babu Magnum. Da na faɗa masa kuɗin ƙarfen da na yankan leza sai da ya cire hula ya sosa kai, yace shi da ya ɗauka aikin ragowar falle ne, na karanta masa labarin Baba Saje daga wayata sai yace a yi mai kyaun. Mun rage zuwa huɗu masu zagaye da mai juyawa ɗaya, na iskar kuma zan yi da mil 3 ɗina. Firam ɗin na riga na haɗa yau da safe, bel ma na samu wajen wani mai gyaran injin niƙa. Dan Owode gobe in Allah ya kaimu zan shigo bayan azahar in gosulo ɗin Mile 12 ya barni, ponci da magagari na aljihuna, ka turo min layin da kake ta inbox.

Dan_Owode:

Allah ya kaimu maigida. Ka zo da kwali ka zana girman da kake so a jiki, akwai wani guntun 450 mil 6 da na gani wajen maƙwabcina, in bai sayar ba zai fitar maka da huɗun har da ragowa.